Zamiya a Kan Ƙarfen Matattakala: Abin da Bidiyo Ba Ya Nunawa

Duk wanda ya taɓa ganin bidiyon matashi sanye da takalmi mai taya ya taho a guje, ya daka tsalle ya dira a kan ƙarfen dafawa na gefen matattakala, ya sulale a kansa har ƙasa, kalmar da za ta fara zuwa bakinsa ita ce ganganci. Ba a ga laifinsa ba, domin abin da ido ya gani ke nan: ƙarfe siriri, siminti a ƙasa, da mutumin da kamar bai san darajar ƙashinsa ba. Amma wannan hukunci yana da illa ta fuska biyu. Yana sa iyaye da hukumomi su ɗauki wasan a matsayin hauka da ya kamata a hana, yana kuma sa yaron da abin ya burge shi ya zaci cewa abin da ake buƙata kawai shi ne taurin zuciya, sai ya nufi ƙarfe mafi tsawo a unguwarsu tun bai iya tsayawa da ƙafa ɗaya ba. Gaskiyar lamarin ita ce daƙiƙa biyun da ake gani a bidiyo su ne matakin ƙarshe na wani dogon horo mai tsari, wanda ake farawa daga abin da bai kai tsayin idon sawu ba. Taurin zuciya yana da wurinsa, amma shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan da ake buƙata, kuma wanda ya sa shi a gaba shi ne yake ƙarewa a wurin mai ɗori.

Tarihin wasan kansa yana goyon bayan wannan magana. Takalmi mai tayoyi a jere guda ya samu karɓuwa ne bayan da 'yan'uwa biyu, Scott da Brennan Olson, na jihar Minesota a Amurka, suka fara gyara shi a wajajen 1980 don 'yan wasan hoki su ci gaba da atisaye a lokacin da ƙanƙara ta narke. Daga nan kamfanin Rollerblade ya samo asali. Ba wanda ya ƙera wannan takalmi don a hau ƙarfe da shi. A farkon shekarun 1990 ne wasu matasa a Kalifoniya suka fara gwada zamiya da shi, kuma Chris Edwards, wanda ya fito a fim ɗin Airborne na 1993, shi ake yawan dangantawa da fara sulalewa a kan ƙarfen matattakala. Abin lura shi ne yadda waɗannan na farko suka tunkari matsalar. Sun ga tayoyin tsakiya suna cije ƙarfe suna kayar da su, sai suka cire su suka sa ƙanana masu tauri. Sun ga gindin takalmin yana cinyewa, sai suka ɗaura masa ƙarfe ko roba mai ƙarfi da kusoshi. Kamfanin Senate, wanda Arlo Eisenberg da Brooke Howard-Smith suke cikin waɗanda suka kafa shi, ya tashi ne a kan sayar da irin waɗannan ƙananan kayan gyara. Wato tun asali, abin da ya buɗe ƙofar zamiya shi ne lura da gyara. Masu zuciya ai sun yi yawa tun kafin nan, amma takalminsu bai ba su dama ba.

Ɗauki takalmin wannan wasa na yau ka juya shi, za ka ga duk wannan tarihi a jikinsa. Tayoyinsa ƙanana ne, yawanci tsakanin milimita 55 zuwa 60, ga tauri, domin mai shi ya kasance kusa da ƙasa. Tsakanin taya ta biyu da ta uku akwai wani kwarmi da aka fafe a jikin firam ɗin da ke riƙe da tayoyin, daidai yadda bututun ƙarfe zai zauna a ciki daram. A ƙarƙashin tafin takalmin kuma, gefe da gefen firam, akwai wani faffaɗan faranti na roba mai santsi da 'yan wasan suke kira sol, wanda ake ɗorawa a kan ƙarfe a tsaye, ƙafa tana bin tsawonsa. Akwai wani ƙaramin kwarmin a gefen waje na takalmin, don lokacin da aka kwantar da ƙafa. Masu koyo da yawa suna zaɓar su bar manyan tayoyi biyu a gaba da baya, su sa ƙananan masu tauri a tsakiya, saboda hakan yana faɗaɗa wurin da ƙarfe zai shiga, ya rage cizon taya. Tun 2001 kamfanoni suka amince da ma'auni guda na ɗaure firam da kusoshi biyu, ta yadda firam ɗin wannan kamfani zai hau takalmin wancan. Duk wannan yana nufin abu ɗaya: zamiya tana da wuraren zamanta a jikin takalmi, kuma aikin mai koyo na farko shi ne ƙafarsa ta san waɗannan wurare ba tare da ya duba ba.

Sai kuma abin da ke faruwa da jiki a lokacin da takalmi ya taɓa ƙarfe. A kan taya, gogayya kaɗan ce kuma sananniya ce. Da zarar roba ta hau ƙarfe, lissafi ya canza nan take, kuma ba ya canzawa iri ɗaya kullum: ƙarfe mai tsatsa ko sabon fenti yana riƙewa, wanda aka goga wa kakin kyandir yana gudu fiye da zato. Daga nan faɗuwa iri biyu take fitowa. Idan ƙarfen ya riƙe ƙafa alhali jiki yana tafe da gudunsa, mutum zai kifa ta gaba, hannu da haɓa su fara isa ƙasa. Idan kuma ƙarfen ya yi santsi, mai wasan ya ja jikinsa baya saboda tsoro, ƙafafu za su tsere su bar shi, ya faɗi ta baya a kan ƙugu ko ƙeya, kuma wannan ta biyun ita ta fi muni. Maganin duka biyun ɗaya ne: nauyin jiki ya zauna a saman ƙafafu, gwiwoyi a lanƙwashe sosai, ƙirji ya ɗan rusuna, ido a kan ƙarshen ƙarfen ba a kan takalmi ba. Faɗar wannan ba wuya. Wuyar ita ce jikin ɗan Adam, in ya ji ƙasa ta zame masa, abin da yake yi da kansa shi ne miƙewa da ja da baya, wato ainihin abin da zai kayar da shi. Ba a kawar da wannan ɗabi'a da wa'azi ko da ƙarfin hali. Ana kawar da ita ne da maimaici a wurin da kuskure ba shi da tsada.

Shi ya sa horon da ya amsa sunansa yake farawa ba tare da zamiya ba sam. Mai koyo sai ya fara iya gudu da juyawa, da tafiya da baya, da tsalle da ƙafa biyu a tare ya sauka a tare, domin wanda yake ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora sannan ya jawo ɗayar taka ƙarfe yake yi, ba hawa ba, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar bari in ta kama mutum. Bayan haka sai tsayuwa: ya tsaya a gaban ɗan gajeren dakali ko bututun da ke kwance kusa da ƙasa, ya yi tsalle ya dira a kai, kwarmin takalmi ya kama, ya tsaya cak na daƙiƙa biyu ko uku, ya sauko. Ya sake, ya kuma sakewa, har sai kunnensa ya saba da ƙarar da takalmi ke yi in ya zauna daidai, wata 'yar ƙas mai kauri, wadda ta bambanta da ƙarar taya in ta bugi ƙarfe. Sai an samu wannan ake ƙara gudu kaɗan, a taho kusan a jere da ƙarfen, ba a tunkare shi kai tsaye ba, a sulale taku ɗaya ko biyu a sauka. Abin da 'yan wasan suka fi amfani da shi a wannan mataki shi ne bututun ruwa na roba da aka kafe a kan katako, wanda tsayinsa bai wuce tafin hannu ɗaya ko biyu ba. Dalilin a fili yake. Ƙarfin da jiki ke bugun ƙasa da shi yana ƙaruwa ne gwargwadon tsayin da aka faɗo, don haka kuskuren da aka yi a kan santimita 20 da wanda aka yi a kan mita guda ba ɗaya ba ne, ko da kuskuren iri ɗaya ne. Da rarrafe yaro kan tashi.

Su kansu salon zamiyar suna da jerinsu, kuma jerin ba na ado ba ne. Akwai wanda ake kira furonsaid, inda mai wasa ke fuskantar ƙarfen ya ɗora ƙafafu biyu a gicciye, kowacce a kwarminta, ya buɗe su kamar faɗin kafaɗa ko fiye, ya tafi a kaikaice. Akwai sol, inda ƙafar baya ke bin tsawon ƙarfen a kan farantinta, ta gaba kuma tana gicciye a kwarmi. In aka juya tsarin, ƙafar farantin ta koma gaba, ɗayar tana biye a gicciye daga baya, an samu mizu. Makiyo kuwa ƙafa ɗaya ce tak a kan faranti, ɗayar a ɗage, sau da yawa a riƙe da hannu. Sai royal, wanda ke buƙatar a kwantar da ƙafafu biyu gefe guda har gefen takalmin ya taɓa ƙarfen, kuma nan ne da yawa suke daɗewa, saboda idon sawu da gwiwa sai sun koyi wata lanƙwasa da ba su saba da ita ba. Kowane salo yana gina wani abu da na gaba zai nema: makiyo yana koya wa ƙafa ɗaya ɗaukar dukan nauyi, sol yana koya raba aiki tsakanin ƙafa mai ɗauka da ƙafa mai saiti. Masana halayyar ɗan Adam biyu, Paul Fitts da Michael Posner, sun bayyana a 1967 cewa koyon kowace gwanintar jiki yana bin matakai uku: lokacin da mutum ke tunanin kowane motsi, lokacin da yake gyara ƙananan kurakurai, da lokacin da jiki ke yi da kansa hankali yana wani wuri. Ƙarfen matattakala na masu mataki na uku ne kaɗai, domin a can babu sararin tunanin inda ƙafa za ta zauna.

Me ya sa babu sarari? A Amurka, inda wasan ya girma, ƙa'idar gini ta sa ƙarfen dafawa ya kasance tsakanin inci 34 zuwa 38, wato wajen santimita 86 zuwa 97, kuma gangaren matattakala da aka saba ginawa ya ɗan haura digiri 30. Wanda ya hau irin wannan ƙarfe mai tsawon mita 4 da gudun kilomita 11 a awa, in ba don gogayya ba, zai isa ƙarshensa yana gudun kusan kilomita 25 a awa. Gogayya tana cin wani abu daga ciki, amma ba ta hana gudun ƙaruwa a kowane taku. A nan akwai abubuwa biyu da suka saɓa wa tunanin mai kallo. Na farko, wanda ya taho da isasshen gudu ba ya buƙatar tsalle mai tsayin ƙarfen gaba ɗaya, domin yana cikin iska ƙarfen yana gangarowa ya same shi. Mai tahowa a sanyaye saboda tsoro shi ne yake buƙatar tsalle mafi girma, shi ne kuma yake bugun ƙarfen da ƙwauri. Na biyu, dole jiki ya karkata ya bi gangaren, wato mutum ya jefa kansa wajen ramin da yake tsoro. Wanda ya tsaya a miƙe kamar yana kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, a wurin ƙarfen ya riga ya ja baya, kuma ƙafafunsa za su tsere.

A nan ne mai musu zai samu hujjarsa mafi ƙarfi, kuma ta cancanci a saurare ta. Zai ce: ai ka faɗa da bakinka, a kan ƙarfen matattakala mai jinkiri shi ke jin ciwo, ashe ke nan zuciya ce kan gaba. Tsofaffin 'yan wasan titi ma sukan ce wanda ya shekara a kan bututun roba a tsakar gida ba zai taɓa sanin abin da ake ji a saman matattakala ba, kuma akwai ranar da babu makawa sai mutum ya rufe ido ya afka. Akwai gaskiya a ciki. Babu rabin hawa a kan irin wannan ƙarfe, kuma babu atisayen da zai share tsoro ƙaƙaf. Amma a tambaya, daga ina wannan yanke shawara ba tare da jinkiri ba yake fitowa? Jiki ba ya yarda ya afka wa abin da bai san ƙarshensa ba. Wanda ya ji takalminsa ya kama ƙarfe sau ba adadi, ya bi ta ƙarfen da ke kwance, ya koma mai ɗan gangare a filin wasa, ya gwada na matakala uku kafin na goma, in ya zo saman matattakala sabon abu guda ne kawai a gabansa, wato tsayi. Wanda ya tsallake waɗannan matakai sababbin abubuwa biyar ne suke jiransa a lokaci guda, kuma komai taurin zuciyarsa, a daƙiƙar ƙarshe jikinsa zai ƙi, ya yi rabin tsalle. Abin da 'yan kallo suke kira jarumta, mafi yawansa sabo ne da ya taru har ya zama natsuwa. Har faɗuwa ma koyonta ake yi: yadda za a tura jiki gefen da babu matakala, yadda za a mirgina maimakon a tokare da hannu, yadda za a kauce wa sauka da ƙarfen a tsakanin ƙafafu.

Musu na biyu na iyaye ne da likitoci: ko an bi tsari, ai ana karyewa. Haka ne, kuma duk wanda ya ce wasan nan ba shi da haɗari bai faɗi gaskiya ba. Sai dai an san inda haɗarin ya fi taruwa. Binciken da Richard Schieber da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar likitanci ta New England a 1996, kan masu takalmin taya da aka kai asibiti a Amurka, ya gano cewa wuyan hannu ne ya fi jin ciwo, kashi 32 cikin 100 na raunukan, kuma kashi 25 cikin 100 na dukan raunukan karayar wuyan hannu ce. Waɗanda ba su sa kariyar wuyan hannu ba sun fi fuskantar wannan rauni da kusan ninki goma. Binciken ya shafi masu takalmin taya gaba ɗaya ne, ba masu hawa ƙarfe kaɗai ba, amma darasinsa ya fi shafar waɗannan, tunda su faɗuwa tana cikin karatunsu na kullum. A nan kuwa dole a faɗa wa 'yan wasan gaskiya: al'adar fitowa a bidiyon titi ba hular kwano, ba kariyar gwiwa, don a nuna an isa, ta cuci masu tasowa. Ƙwararren da ya shekara ashirin yana faɗuwa ya san abin da yake saye da abin da yake sayarwa. Yaro ɗan shekara goma sha uku da ke kwaikwayonsa bai sani ba, kuma faɗuwar baya, wadda ita ce ta masu koyo, ƙeya take nema. Hular kwano, kariyar gwiwa da ta ƙwauri da ta wuyan hannu su ne suke ba mai koyo damar yin kuskure ya tashi ya sake gwadawa a ranar, maimakon ya yi wata biyu da filasta.

Akwai kuma ƙorafin masu gine-gine, wanda shi ma ba na banza ba ne. Zamiya tana kankare fenti, kakin kyandir yana baƙanta dakali, kuma ƙarfen dafawa an kafa shi ne don tsoho da mara lafiya da mai juna biyu su riƙe. Ba daidai ba ne a lanƙwasa shi ko a mayar da shi santsi saboda wasa. Birane da yawa a Amurka da Turai sun mayar da martani da walda 'yan ƙusoshin ƙarfe a jikin dakali da ƙarfen dafawa don hana zamiya, kuma haƙƙinsu ne. Amma hani kaɗai yana korar mai koyo ne zuwa lungun da babu mai ganinsa, inda abin da zai samu shi ne ƙarfen da ya fi ƙarfinsa. Inda aka gina filin wasa mai ƙarafa hawa-hawa, daga na ƙasa-ƙasa zuwa mai gangare, an ba yara matakan da titi ba ya bayarwa, an kuma haɗa su da manya masu gyara musu tsayuwa. Ba mamaki ba ne cewa manyan tarukan wasan a yau, irin su FISE da ake yi a Montpellier ta Faransa, da Winterclash da ake yi a filin Area 51 na birnin Eindhoven a Holan, a irin waɗannan wurare da aka tanada ake yin su.

Wasu za su ce ana ɓata baki ne a kan wasan da ya mutu. Lallai ya yi tashe ya sauka. Yana cikin gasar X Games tun ta farko a 1995, ya fito da taurari irin su Fabiola da Silva ta Birazil da 'yan'uwan nan Eito da Takeshi Yasutoko na Japan, sannan tashar ESPN, mai shirya gasar a lokacin, ta cire shi a 2005, kuɗin talla suka janye. Lokacin da allon taya ya shiga gasar Olamfik ta Tokiyo, shi bai samu shiga ba. Amma ficewar kyamarorin talabijin ba ta hana yara sayen takalmi ba, kuma tsofaffin 'yan wasa irin su Jon Julio sun ci gaba da kafa kamfanonin takalma na kansu. Abin da ya canza shi ne hanyar da wasan ke isa ga sabon mai koyo. Yanzu ta waya yake zuwa, a gajeren bidiyo da ke nuna nasara ya ɓoye gwaji talatin da suka gabace ta.

Ta wannan hanya ce kuma yake isowa garuruwanmu, inda ake ganin samari da takalmin taya a bakin titi, wasu ma suna kama bayan mota ko adaidaita sahu tana jan su. Mafi yawan takalman da ke hannunsu na gwanjo ne da aka ƙera don motsa jiki: manyan tayoyi huɗu masu laushi a matse da juna, burki a dunduniya, babu kwarmi, babu faranti. Irin wannan takalmi in aka ɗora shi a kan ƙarfe, tayar ce za ta fara cizo, kuma mai shi zai kifa tun bai sulale taku ɗaya ba, ko firam ɗin ya tsage a ƙarƙashinsa. Wanda yake son koyon zamiya da gaske, abin da zai fara nema shi ne takalmin da aka yi don ita, sai hular kwano da kariyar gaɓoɓi. Ƙarfen atisaye kuwa bai fi ƙarfin mai walda na unguwa ba: bututu mai kauri kamar inci biyu, tsawon mita biyu zuwa uku, a kan ƙafafu masu faɗin gindi da ba za su bari ya mirgina ba, tsayinsa kada ya wuce santimita 20, a goge bakinsa biyu don kada ya yanki mutum, a ajiye shi a kan siminti mai sumul nesa da hanyar mota.